CyberChef da gurɓatattun mahaɗai: gyaran rubutun Jafananci da Sinanci a imel na burauza

Aikina shi ne kula da akwatunan imel na wani ƙaramin kamfani da ke musayar saƙonni da abokan hulɗa a Japan, Taiwan, Sin da Koriya ta Kudu. Ma'aikatanmu duk a burauza suke buɗe imel, babu wanda ya girka wata manhajar imel a kwamfutarsa. Koken da ya fi zuwa wurina kusan iri biyu ne. Ko dai an turo mahaɗi, wato adireshin intanet da ake dannawa, an danna, shafi ya ce babu wannan fayil alhali mai turowa ya rantse yana nan. Ko kuma an danna adireshin imel a shafin wani kamfani, tagar rubuta saƙo ta buɗe, amma taken ya fito da tarkacen alamomi irin æ—¥æœ¬ a gurbin 日本. Jafanawa na kiran wannan cuta mojibake, kuma sunan ya bi duniya. Abin da na fi dogara da shi wajen gano bakin zaren shi ne CyberChef, kuma ina ba duk mai irin aikina shawarar ya san shi, muddin ya san iyakarsa.

CyberChef shafi ne da ake buɗewa a burauza. GCHQ, hukumar leƙen asirin sadarwa ta Birtaniya, ce ta yi shi, ta sake shi kyauta ga kowa a shekarar 2016, kuma lambobin ginin nasa a buɗe suke a GitHub. Allon ya kasu gida huɗu: jerin ayyuka a hagu, sai wurin da ake jera ayyukan da aka zaɓa ɗaya bayan ɗaya, sai akwatin da ake zuba abin da ake son bincika, sai akwatin sakamako a ƙasansa. Ana jawo aiki da linzami a ajiye, sakamako ya sauya nan take. Ayyukan sun haura 300, yawancinsu na masu binciken tsaron kwamfuta ne, ni kuwa waɗanda nake taɓawa ba su kai goma ba. Abin da ya fara kwantar mini da hankali shi ne duk aikin a cikin burauzar mutum yake gudana, ba a tura abin da ka liƙa zuwa wata sabar, wato kwamfutar da ke ɗauke da shafi a intanet. Ana ma iya sauke shi gaba ɗaya a yi amfani da shi ba tare da intanet ba, kuma haka nake yi, domin mahaɗan da ke cikin imel na kamfani sau da yawa suna ɗauke da sunan abokin ciniki ko lambar oda.

Kafin a fahimci amfaninsa sai an fahimci ciwon. Saƙon imel yana da kanun da ke faɗin tsarin da aka bi wajen mayar da haruffansa lambobi, misali ya ce ISO-2022-JP ko UTF-8. Mahaɗi ba shi da wannan. Idan ka ga %93%FA%96%7B a cikin adireshi, bayit huɗu ne kawai, wato ƙananan lambobin da kwamfuta ke ajiye haruffa da su, aka rubuta da lambobin heksa (ƙirga mai tushe goma sha shida), kowanne da alamar kaso a gabansa, babu abin da ke nuna tsarin da ya haife su. Wannan 日本 ne a tsarin Shift_JIS. Kalmar nan dai a EUC-JP ita ce %C6%FC%CB%DC, a UTF-8 kuma bayit shida ce, %E6%97%A5%E6%9C%AC. Ƙa'idar adireshin intanet ta RFC 3986 da ta fito a 2005 ta ce sababbin tsare-tsare su bi UTF-8, amma kafin nan kowace ƙasa ta riga ta gina shafukanta da nata tsarin. Sin tana da GB2312 tun 1980, daga baya GBK, sannan GB18030 a 2000. Taiwan tana da Big5 tun 1984. Koriya ta Kudu tana da EUC-KR. Japan ita kaɗai ta tara uku: Shift_JIS a kwamfutocin Windows, EUC-JP a na Unix, da ISO-2022-JP wanda RFC 1468 ta tsayar domin imel a 1993. Tsofaffin sabobin da aka gina a wancan zamani ba duka aka sauya ba, kuma da su muke hulɗa.

Inda imel na burauza ya ƙara dagula lamarin shi ne nan, kuma sai da na fahimci wannan sannan koke-koken suka daina yi mini kama da tsafi. Idan mahaɗi yana ɗauke da haruffan Jafananci tsirara a ɓangaren da ke bayan alamar tambaya, burauza tana mayar da su bayit ne bisa tsarin shafin da mahaɗin ke ciki. A shafin kamfanin can, wanda aka rubuta da Shift_JIS, mahaɗin zai tafi da Shift_JIS, sabar ta gane. Amma da zarar an kwafo shi cikin imel, shafin da ke nuna shi ya zama shafin imel na burauza, wanda kusan ko da yaushe UTF-8 ne. Haruffan da ido ke gani ba su sauya ba, bayit ɗin da ke fita ne suka sauya. Sabar da ke jiran Shift_JIS ta karɓi UTF-8, ta nemi suna da babu shi. Mai turowa ya gwada a wurinsa ya ga lafiya lau, mai karɓa ya gwada ya ga ba ya aiki, kowa na zargin ɗan'uwansa da sakaci, alhali babu mai laifi a cikinsu.

Ga yadda nake bi. Ina kwafo mahaɗin kamar yadda yake, daga ainihin tushen saƙon idan zai yiwu, domin abin da shafi ke nunawa an riga an taɓa shi. Na liƙa a CyberChef, na jawo URL Decode, wanda ke mayar da lambobin nan masu alamar kaso zuwa bayit. Idan UTF-8 ne, rubutun zai fito sarai nan take. Idan ba shi ba ne, tarkace za su fito, sai in ƙara Decode text a ƙasa in zaɓi tsari. Jerin tsarin yana tafiya da lambobin da Windows ke amfani da su: 932 na Shift_JIS, 936 na GBK, 949 na Koriyanci, 950 na Big5, 51932 na EUC-JP, 50220 na ISO-2022-JP, 65001 na UTF-8. Da na dace da wanda ya dace, sunan fayil ɗin zai bayyana. Daga nan gyara ya zama mai sauƙi: in sabar can UTF-8 take so, sai in ƙara Encode text da 65001 sannan URL Encode. In kuma tsohuwa ce mai jiran Shift_JIS, sai in juya tafiyar, in ɗauki haruffan in mayar da su 932, in fitar da su da To Hex tare da zaɓar alamar kaso a matsayin mai raba lambobi. Sabon mahaɗi ya samu, a miƙa wa ma'aikaci ya danna.

Abin da ya sa na fifita shi a kan ƙananan shafukan da ke cewa liƙa nan mu gyara maka shi ne yana nuna kowane mataki. Zan iya kashe aiki ɗaya a tsakiya in ga yadda abin yake kafinsa, ko in tsayar da tafiyar a wani mataki in duba bayit ɗin da idona. Tun sigar 10 da ta fito a 2023 an ƙara wurin zaɓar tsarin haruffa a ƙasan akwatin shigarwa da na sakamako, wanda ya rage ruɗani sosai, domin a wannan sana'a rabin wahalar ita ce sanin ko abin da kake kallo bayit ne ko haruffan da wata manhaja ta riga ta fassara.

Da yawan kallon bayit ido ya fara gane su. Idan na ga %E3%81 yana maimaituwa, na san hiragana ce, ɗaya daga cikin baƙaƙen rubutun Jafananci, a UTF-8. Harafin あ shi ne %E3%81%82 a can, %82%A0 a Shift_JIS, %A4%A2 a EUC-JP. Idan na ga %1B%24B, ISO-2022-JP ne ba shakka, domin wannan tsari yana sanar da shigarsa rubutun Jafananci da wata alama ta musamman, ya kuma sanar da fitarsa. Alamar nan ce ke zama GyRC a farkon taken saƙo idan an naɗe shi da Base64, hanyar rubuta bayit da haruffan boko da lambobi, irin taken da ke farawa da =?ISO-2022-JP?B? bisa ƙa'idar RFC 2047 ta 1996. A nan From Base64 sannan Decode text da 50220 ke warware shi. Idan kuma rubutu ya cika da 縺 da 繧 da 繝, to UTF-8 ne aka karanta da Shift_JIS. Idan %25 ya bayyana a gaban kowace lamba, kamar %25E6, an naɗe mahaɗin sau biyu ke nan, abin da ke yawan faruwa idan saƙo ya ratsa ta manhajar da ke sake rubuta mahaɗai domin tace su, kuma URL Decode sau biyu ke buɗe shi. Akwai kuma %u4E2D, wanda ba ya cikin kowace ƙa'ida, tsohon aikin escape na JavaScript ne ke fitar da shi a gurbin 中.

Matsalar da ta fi ɗaukar hankalina ita ce ta bayit 5C. A Shift_JIS harafi ɗaya bayit biyu ne, kuma na biyun yana iya faɗawa cikin lambobin da ASCII, tsohon tsarin haruffan Turanci da alamomi, ke amfani da su. Harafin 表 shi ne 95 5C, ソ kuma 83 5C, 能 kuma 94 5C. Shi kuwa 5C a ASCII alamar \ ce. Wani abokin hulɗarmu a Japan yana turo jadawalin farashi mai suna 価格表, kuma mahaɗinsa kaɗai ne ke mutuwa alhali sauran fayilolinsa suna buɗewa. Da na zuba shi a CyberChef na ga manhajar da ta haɗa mahaɗin ta naɗe bayit na farko ta bar na biyun tsirara, ya fito %95\ a ƙarshen suna. Burauza kuwa tana ɗaukar \ a matsayin / a adireshin intanet, don haka rabin harafi ya zama mai raba manyan fayiloli. Haka nan a 日本, bayit na ƙarshe 7B alamar { ce. Big5 ma tana da wannan ciwo, har masu shirya manhaja a Taiwan suka san shi da haruffa uku, 許功蓋, waɗanda kowannensu ke ƙarewa da 5C. UTF-8, wanda Ken Thompson da Rob Pike suka tsara a 1992, ya rufe wannan ƙofa tun daga tushe: babu wani bayit na harafi mai tsawo da ke sauka ƙasa da 80 a heksa, saboda haka ba ya taɓa rikiɗa ya zama alamar ASCII. Duk lokacin da na ga irin wannan ɓarna nakan ƙara ganin darajar wannan shawara tasu.

Mahaɗan mailto, waɗanda ke buɗe tagar rubuta saƙo idan an danna su, su ne ɗaya koken. Ƙa'idarsu ta farko, RFC 2368 ta 1998, ba ta warware batun haruffan da ba na ASCII ba yadda ya kamata, sai shafuka da yawa a Japan suka riƙa rubuta taken saƙo da Shift_JIS domin shi manhajojin imel na lokacin ke ganewa. RFC 6068 ta 2010 ta tsayar da UTF-8. Imel na burauza yana bin sabuwar, tsohon shafi yana kan tsohuwar, sai taken ya lalace a tsakani. Wannan yana da muhimmanci fiye da yadda ake zato, domin wasu kamfanoni da taken suke rarraba saƙonni zuwa sassa. Da CyberChef nake fitar da ainihin taken, in ba ma'aikaci ya liƙa da hannunsa.

Yana kuma da From Punycode domin sunayen shafuka masu farawa da xn--, kamar xn--wgv71a119e.jp da ke nufin 日本語.jp, da From Quoted Printable domin mahaɗan da suka cika da =3D ko aka karya su a ƙarshen layi. Waɗannan ba su da wani dogon zance, suna aiki.

Yanzu ga inda ƙarfinsa ya tsaya. Akwai aikin da ake kira Magic mai ƙoƙarin canko tsarin da kansa, da wani mai suna Text Encoding Brute Force da ke gwada duk tsarin da ya sani ya jera sakamako a teburi. Na biyun ya fi mini amfani, amma dukansu ba su iya yanke hukunci a kan gajeren rubutu, kuma sunan fayil a mahaɗi gajere ne. Ɗauki bayit biyu A4 A4. A Big5 中 ne. A EUC-JP い ne, haka ma a GBK. A EUC-KR kuma ㄴ ne. Duka halattattu ne, babu wanda na'ura za ta ce kuskure ne. Abin da ke raba gardama shi ne sanin daga wace ƙasa saƙon ya fito da kuma iya kallon sakamakon a ce wannan kalma ce, wancan shirme ne. Teburin zai jera maka layuka masu yawa cike da haruffan Sinanci masu kyau a ido, ɗaya kaɗai ke da ma'ana. Na koyi hiragana da katakana da 'yan haruffan da ke yawan fitowa a takardun ciniki, abin da ya wuce nan ina kai wa mai fassararmu. Wanda ba shi da ko ɗaya daga cikin biyun zai iya liƙa layukan a manhajar fassara ya ga wanne ya ba da magana, amma ya sani CyberChef ba zai yi masa wannan zaɓi ba.

Abu na biyu ba gazawar CyberChef ba ce, amma dole a faɗa domin kada wani ya ɓata lokacinsa. Akwai ɓarnar da ba ta gyaruwa. Idan wata manhaja a hanya ta kasa gane bayit ta maye gurbinsu da alamar tambaya, ko da alamar nan mai lamba FFFD a Unicode, jerin da ke ba kowane harafi na duniya lambarsa, baƙin lu'ulu'u mai tambaya a ciki, to asalin ya tafi. Kamar ruwan da ya zube a ƙasa ne. Masu karanta Sinanci sun san 锟斤拷, wanda ke fitowa idan alamar FFFD guda biyu a UTF-8, wato EF BF BD sau biyu, aka karanta su da GBK. Ganin waɗannan haruffa uku yana nufin a koma wa mai turowa. Alherin da CyberChef ke yi a nan shi ne yana nuna maka %EF%BF%BD ko %3F%3F%3F ƙarara tun da wuri, ka san ba sauran abin nema.

Akwai kuma ɓarnar da ido ba ya gani sam. Harafin が ana iya rubuta shi a dunƙule, ana kuma iya rubuta shi か da wata 'yar alama daban a bayansa. Tsohon tsarin ajiyar fayil na kwamfutocin Mac yana rarraba su haka, har da haruffan Koriyanci da yake warwarewa zuwa sassansu. A allo suna ɗaya ne, a bayit sun bambanta, sabar kuwa bayit take kwatantawa. To Hex ne ke tona wannan, Normalise Unicode kuma ya dunƙule su. Haka alamar igiyar ruwa da Jafanawa ke sa wa tsakanin kwanan wata biyu: bayit 81 60 na Shift_JIS, wasu manhajoji na kai shi lamba 301C a Unicode, Windows na kai shi FF5E. Sai mutum ya riga ya san da irin wannan kafin ya neme shi, domin CyberChef ba ya jan kunne, abin da ka tambaya kawai yake amsawa.

Wannan ne ma ya sa ban raba shi ga dukan ma'aikata ba. Allonsa da Turanci yake, jerin tsarin haruffan yana da tsawo ƙwarai, kuma wanda bai san bambancin Encode text da Decode text ba zai ƙara wa rubutu ɓarna a kan ɓarna. Abin da na yi shi ne na ajiye jerin ayyukan da aka fi buƙata, ɗaya na Shift_JIS, ɗaya na GBK, ɗaya na Big5, ɗaya na Koriyanci, na ba mutum biyu da ke hulɗa da waɗannan ƙasashe kullum. A nan akwai abin lura mai muhimmanci: CyberChef yana rubuta jerin ayyukan a adireshin shafinsa, kuma yana haɗawa da abin da ka liƙa a akwatin shigarwa. Idan ka kwafi adireshin ka tura wa wani domin ya ga yadda ka yi, ka tura masa da mahaɗin abokin cinikinka. A share akwatin tukuna.

Wata matsalar ma ba ta tsarin haruffa ba ce, ko da yake da ita ake zuwa mini a matsayin haka. Jafananci da Sinanci ba sa barin fili tsakanin kalmomi, don haka idan aka rubuta adireshi a tsakiyar jimla, imel na burauza na iya haɗiye abin da ke biye da shi, kamar alamar 。 ko 」, ya mayar da su ɓangaren mahaɗin. A CyberChef za ka ga %E3%80%82 maƙale a wutsiya. Gogewa kawai ake yi.

Duk mahaɗin da na gyara guda ɗaya ne na gyara, gobe wani zai zo daga wuri guda. Saboda haka amfanin da na fi samu daga CyberChef shi ne hujjar da yake ba ni in rubuta wa mai kula da kwamfutocin ɗaya ɓangaren. Cewa mahaɗinku ba ya aiki ba ta kai ko'ina, domin a wurinsu yana aiki. Amma idan na rubuta cewa mahaɗin ya iso da %95 da \ tsirara, ko cewa sabarku tana jiran 932 mu kuma burauzarmu tana tura 65001, na haɗa da hoton allon da ke nuna bayit ɗin, nan da nan ake gane abin da nake nufi ko da Turancinmu duka bai taka kara ya karya ba. Abin da nake roƙonsu bai wuce abu uku ba: su naɗe kowane bayit na mahaɗin da alamar kaso kafin su sa shi a imel, su ajiye shi a layinsa shi kaɗai, in kuma zai yiwu su ba fayilolin da za su fita waje suna da haruffan ASCII da lambobi. Kamfanin da ke turo jadawalin farashi ya ɗauki na ukun, fayil ɗinsu yanzu da lambar wata da shekara yake zuwa.